Ranar da na ɗauki mai baki na bar mai aiki

Ƙannena masu rubuta manhaja, lokacin da aka fara ɗora mini nauyin ɗaukar ma'aikata a wani ƙaramin kamfani da ke Adum a Kumasi, na kwaso tambayoyin da kowa ya saba yi: mene ne rauninka, ina kake son kaiwa nan da shekara biyar, me ya sa za mu ɗauke ka. Na haɗa da kacici-kacici guda biyu don in nuna ni ma na san zamani.

Mutum biyu suka rage. Ɗaya ya fito daga babbar jami'a, Turancinsa kamar ruwa, kuma da na tambaye shi rauninsa sai ya ce yawan son aiki, amsar da daga baya na gane kowa ya haddace ta. Ɗayan yaro ne daga unguwar Aboabo wanda ya koya wa kansa aikin da tsohuwar kwamfuta. Yana in'ina, idonsa a ƙasa kamar yadda aka tarbiyyantar da mu a Zango, ni kuwa na ɗauki kunyarsa a matsayin rashin sani. Na ɗauki na farko.

Bayan wata uku manhajarmu ta fara cire wa mutane kuɗin MoMo, wato kuɗin da ake biya ta wayar hannu, sau biyu, domin idan intanet ya yanke mai saye yakan sake dannawa, mu kuma ba mu ba kowane ciniki lambarsa ta daban ba. Sati biyu ma'aikacina yana bayani mai daɗi, matsalar tana nan, 'yan kasuwar Kejetia suna ta kiran waya da faɗa. Laifin nawa ne, tunda ban taɓa ganin ya rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba kafin in ba shi aiki. Shi kansa Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya faɗa a 2013 cewa yi wa mai neman aiki kacici-kacici ɓata lokaci ne kawai.

Ban watsar da tsofaffin tambayoyin ba, suna kwantar wa mutum hankali a mintunan farko, amma ba na yanke hukunci da su. Yanzu nakan ajiye wa mai neman aiki kwamfuta da manhaja mai kuskure, irin wancan na MoMo, in ba shi minti 40, in bar shi ya bincika intanet yadda ya so, sannan in tambaye shi dalilin kowane gyara. Duk wanda ya zo, aiki ɗaya nake ba shi, don in iya kwatanta su da adalci. Yaron Aboabo kuwa, da na neme shi, tuni wani kamfani a Accra ya ɗauke shi.