Inda Iko Ke Ɓuya a Turancin Ofis

Wanda ya daɗe yana karanta takardun gwamnati a Najeriya ya san ba a manyan kalmomi iko yake zama ba. Ƙananan nan da ido ke tsallakewa su ne ke yanke hukunci.

A fara da "shall" da "may". Ta farko dole ce, ta biyu zaɓi. Sashe na 58 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya yi amfani da "shall" wajen ba Shugaban Ƙasa kwana 30 ya bayyana ko ya amince da ƙudurin doka ko ya ƙi. Amma idan takardar aikinka ta ce hukuma "may" ta biya ka kuɗin sauyin wurin aiki, to ba ta ci bashinka ba, sai ta ga dama. Ma'aikata da yawa sun yi ta sintiri a ofishin akanta a kan kuɗin da ba a taɓa yi musu alƙawarinsa ba.

"Subject to" kuwa takunkumi ce. Duk abin da ya zo kafinta a rataye yake sai abin da ke bayanta ya tabbata. Sashe na 231 ya ba Shugaban Ƙasa ikon naɗa Babban Jojin Najeriya, amma da wannan sharaɗi na amincewar Majalisar Dattawa. Haka ƙarin girman da aka ɗaure da samuwar gurbi: kada a yanka rago tukuna.

Wadda ta fi ruɗa sababbin ma'aikata ita ce "I am directed to", wato an umarce ni in sanar da kai. Mai sa hannun ɗan aike ne, shi ya sa za ka ga ya sa hannu a madadin Babban Sakatare. Zuwa yi masa magiya ɓata lokaci ne. Ƙorafi wajen wanda ya ba da umarnin ake rubuta shi, kuma ta hannun shugaban sashenka, domin takardar da ta tsallake shi sau da yawa a kan wannan kaɗai ake maido ta. Wannan salo na ɓoye mai yanke hukunci yana damuna ƙwarai, don yana barin ƙaramin ma'aikaci yana fushi da wanda bai yi masa komai ba.

Ladabi ma yana yaudara. Idan na sama ya rubuta maka "kindly", wato don Allah, umarni ne sanye da babbar riga. Shi kuwa "with immediate effect", wato nan take, ba ya ɓoye komai: zamanin Janar Murtala Muhammad a 1975 ya yi suna, lokacin da aka sallami ma'aikata sama da 10,000.

Idan takardar tuhuma ta zo, abu uku ake dubawa kafin a ɗauki alƙalami: laifin da aka ambata, dokar aikin da aka jingina shi da ita, da wa'adin amsa, wanda yawanci bai wuce awa 72 ba. A rubuta rana da lokacin karɓa a jikin kwafin da za a ajiye. Sannan a lura da sunan hukuncin da kyau, domin a dokokin aikin gwamnatin tarayya "interdiction" tana barin mutum da rabin albashi, "suspension" kuwa tana tsayar da albashin gaba ɗaya, duk da cewa mu dakatarwa muke kiran su biyun.