Layi ɗaya na so in sauya, sai da na bi mutum tara

Modul huɗu, wato ƙananan manhajojin ƙari, nake kula da su a kan Odoo, manhajar tafiyar da harkokin kasuwanci, na lissafin kaya da bashin 'yan kasuwa, dukkansu a ƙarƙashin lasisin AGPL-3, wato sharuɗɗan da ke faɗin yadda wasu za su yi amfani da kod ɗin. Shi Odoo ya bar AGPL ya koma LGPL-3 tun fitowar siga ta 9 a 2015. Ni ban motsa ba, sai da wani kamfani ya nemi ya ɗora nasa modul a kan nawa ba tare da ya buɗe kod ɗinsa ba. AGPL ba ta yarda da haka, ko da ta intanet kaɗai jama'a ke amfani da manhajar. LGPL kuwa ta yarda wani ya jingina rufaffen aikinsa da naka, muddin gyaran da ya yi wa naka bai rufe shi ba in zai rarraba.

Da farko na ɗauka komawa LGPL aikin minti biyar ne: a buɗe fayil ɗin __manifest__.py, inda ake rubuta sunan lasisin, a goge harafi ɗaya a sa wani. Wani abokin aiki ne ya tsayar da ni. Ya ce, "Malam, kai kaɗai ka rubuta?" Na duba tarihin git, inda ake ajiye sunan duk wanda ya yi gyara, sai ga sunaye tara ban da nawa. Kowannensu yana da haƙƙin mallakar abin da ya rubuta, kuma da sharaɗin AGPL ya ba ni. Amana ce.

Shida sun amsa cikin mako guda, na kuma roƙi kowa ya rubuta amincewarsa a fili, ba a waya ba. Ɗaya ya ce lokacin da ya yi aikin albashi ake biyansa, don haka izinin yana hannun kamfanin da ya bari. Wannan kaɗai ya ci wata ɗaya. Imel ɗin wani ya mutu, sai ta hannun tsohon abokin karatunsa na same shi. Mutum na tara ya ce a'a. Hujjarsa ita ce ya ba da guminsa kyauta ne don kada wani ya rufe ya sayar, kuma har ga Allah ban ga laifinsa ba. Na cire aikinsa, na sa wanda bai taɓa karanta shi ba ya rubuta sabo daga bayanin abin da ake so ya yi. A nan na fahimci wahalar da masu VLC, manhajar kallon bidiyo, suka sha wajen 2011, da suka bi ɗimbin marubuta ɗaya bayan ɗaya don mayar da injinsu LGPL.

Abin da ban hango ba shi ne dogaro. Modul ɗina na huɗu yana tsaye ne a kan wani modul mai AGPL na OCA, ƙungiyar masu rubuta wa Odoo modul, ko na sauya nawa sharaɗin wancan zai biyo shi. Na bar shi yadda yake. Ukun suka koma LGPL-3, tsoffin sigogin da na riga na saki suna nan a AGPL, kuma yanzu duk wanda ya turo gyara, kafin in karɓa sai ya rubuta cewa ya san lasisin kuma shi ke da ikon bayarwa.