Allurar zafin mai ta kai 140 bayan na sauya inji

Golf 3 nake ja, doguwar nan mai but, ina jigila tsakanin ƙauyenmu da Gumel, ran Alhamis kuma in ɗauki 'yan kasuwa zuwa Maigatari. Injin da ta zo da shi 1.6 ne, ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi, sai na sayo 1.8 ɗan Beljiyam daga Kano aka ɗora mata. Da yake a bazara zafin wajenmu yana wuce digiri 40, ga lodi, sai na ce a ƙara mini agogon da ke nuna zafin baƙin mai, ban da na ruwa da ke jikin dashbod. Agogon ba sabo ba ne, ƙarshen lambarsa 150. Yaron gareji ya lalubo sensa, wato ɗan ƙarfen da ke jin zafin man ya aika wa agogo, a cikin gwangwanin tarkace, ya ga zarenta ya shiga ramin da ke jikin mazaunin filta, ya naɗe ta da farin tef irin na masu gyaran famfo ya ɗaure.

Fitar farko da lodi, kafin mu isa Maigatari allura ta haye 130. A dawowa da magariba na kunna fitila, sai ga ta a 140. Duk wanda ya kashe kuɗin inji ya san yadda gaba ke faɗuwa a irin wannan lokaci. Baƙin mai yana aikinsa lafiya tsakanin 90 da 110. Idan ya daɗe sama da 130 yakan tsinke, ya kasa riƙe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, daga nan sai ka ji an ce inji ya buga.

A tasha kowa malami ne. Wani ya ce a cire tamostat, abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi, wani ya ce a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota, wani ya ce in koma mai mafi kauri. Ban bi ko ɗaya ba. Cire tamostat ɗin nan da ya zama al'ada a garejinmu ni ban yarda da shi ba, domin injin da ba ya kai zafinsa fetur yake ƙara sha, ga sanyin hunturu da safe. Kuma dai dukkan shawarwarin sun ɗauka cewa man ya yi zafi da gaske, ni kuwa na fara shakka. Allurar ruwa tana zaune a 90 ba ta motsi, fanka tana kamawa tana saki a kan lokaci, ruwan lagireto bai ragu ba, babu warin ƙuna, fitilar mai ba ta ko ƙyafta ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da safe: mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi, amma nawa agogon sai ya riƙa tsere da na ruwa tun ban bar unguwa sosai ba.

Na kai ta wurin wani dattijo mai rewaya a Gumel. Bai ko buɗe bonet ba sai da ya sa na ba shi labari daga farko. Da na zo kan maganar fitila sai ya tsayar da ni.

"Ɗana, ka ce da ka kunna fitila ta ƙara hawa?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"To fitila tana dafa mai ne? Tayar da ita mu gani."

Muka bar inji ya yi zafi. Ya kunna cikakkiyar fitila da fankar cikin mota, allura ta ɗaga a kan idonmu. Ya kashe, ta sauko. Sai ya ɗauko wayar jan batir mai kauri, ya maƙala baki ɗaya a nagatif ɗin batir, ɗayan a jikin inji, ya sake kunna fitilar. Ko gezau allura ba ta yi ba.

Bayanin da ya yi mini ya zauna daram. Sensa mai waya ɗaya ba ta da hanyar komawar wuta sai ta jikin inji. A cikinta akwai wani ɗan abu da ke ƙara barin wuta ta wuce gwargwadon yadda ya ji zafi, agogo kuma yawan wutar da ta wuce kawai yake karantawa. Akwai wata waya mai kauri da ke haɗa inji da bodi, ta nan wutar fitila da sauran kaya ke komawa ga altaneta, na'urar da ke jikin inji mai cajin batir. Idan ta yi sako-sako, sai a samu ɗan bambancin wuta tsakanin inji da bodi, agogo ya ɗauka zafi ne. Muka leƙa ƙarƙashin mazaunin batir, ga wayar nan an mayar da ita a kan fenti, notin ma da yatsa yake juyawa, bakinta ya yi kore da tsatsa. Wajen ɗora inji an fi mantawa da ita, tunda mota tana tashi ko da ta kama rabi-rabi. Baba ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tam, ya ƙara wata waya daga jikin inji zuwa bodi.

Rawar allura ta tsaya, amma a kan hanya har yanzu tana kai 125 zuwa 130. Na koma.

Wannan karon ya kwance sensar gaba ɗaya. Farin tef ɗin ya fara ɓarewa yana tsaki, ya ce shi ma yana iya raba zaren sensa da jikin inji, a nan kuma allura ƙasa take yi ko ta kwanta, ka ga an rufe ka ke nan mai yana tafasa ba ka sani ba. Daga nan ya aika yaro wurin mai shayin da ke gefen garejin ya karɓo butar ruwa da ɗan murhun gawayi. Ya ja waya daga agogo zuwa kan sensar, ya ɗaura wata a jikinta zuwa nagatif, ya rataye ta da zaren ƙarfe yadda bakinta zai nutse cikin ruwa ba tare da ta taɓa gindin buta ba. Ruwa na tafasa ya ce in murɗa makulli. Tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, a ƙasarmu ma yakan ɗan gaza saboda tudu. Agogo ya nuna kusan 120.

Ya share jikin sensar da tsumma ya miƙo mini. A gefen da ake kama ta da sufana an buga 120. Ta zafin ruwa ce, an haɗa ta da agogon mai mai 150. Zarensu ɗaya, kamanninsu ɗaya, amma yadda kowacce ke sakin wuta a kan zafi daban ne, shi ya sa take ƙara mini wajen digiri 20 a kan gaskiya. Tun daga ranar ba na yarda a ɗaura mini sensa sai na karanta lambar jikinta na gwada da ta fuskar agogo, kuma in da hali a sayo su tare.

Samun mai 150 sai da na ba wani direban Kano sautu. Da ta iso muka fara tsoma ta a butar mai shayi kafin a ɗaura, allura ta tsaya dab da 100. Aka ɗaura ta da wosha na tagulla, babu tef.

Yanzu a tafiyar yau da kullum mai yana zama tsakanin 95 da 105. Ran kasuwar Maigatari da rana tsaka, mota cike da mutane ga buhuna a but, yakan taɓa 115, in na sassauta ƙafa ya sauko. Tamostat tana nan a wurinta, fanka tana aiki da kanta, man da nake zubawa ma shi ne dai na da. Wayar nan ta ƙarƙashin batir kuwa na sa ta cikin abin da nake dubawa duk ranar juyen mai, domin hanyoyinmu na burji suna kwance noti.