Kalmar "charge" tana da fuska fiye da ɗaya

Ƙannena masu koyon Turanci, musamman ku da ake kawo wa takardu a unguwa don kun yi boko, ku ba ni aron hankalinku a kan kalma ɗaya: charge.

Ba baƙuwarku ba ce. Muna cajin waya, banki ya caje mu kuɗi, 'yan sanda su kai mutum caji ofis. Duk kalma ɗaya ce a Turanci, amma ni sai da na cutar da wani kafin na gane haka.

A makaranta hadda nake yi a bayan littafi, kalma a hagu, ma'anarta guda a dama. A gaban charge na rubuta "kuɗin da ake biya", na wuce. Ban daɗe da gama sakandare ba wani dattijo maƙwabcinmu ya zo zaurenmu da takarda a naɗe cikin leda, a kan ɗansa da aka kama. Ya ce, "Ɗana, duba mini abin da suka rubuta." Idona ya faɗa kan charged with, nan take na ce, "Baba, kuɗi ne za a biya." Bawan Allah ya sayar da akuyarsa, ya haɗa da rance. Ranar shiga kotu ya ji ana karanta wa yaron tuhuma, ba lauya, ba wanda aka tanada ya tsaya masa beli. Yaron ya ƙara kwanaki a tsare. Baba bai taɓa yi mini gori ba, amma har yau abin yana cina.

Asalin kalmar ne ya warware mini ita daga baya. Turanci ya aro ta daga Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, shi kuma Faransanci ya gaje ta daga carricare ta Latin, wato yi wa amalanke lodi. Tushensu ɗaya da car da cargo. Idan kun riƙe "ɗora kaya" a zuciya, sauran za su zo da sauƙi: mai shago ya ɗora maka kuɗi, mai gabatar da ƙara ya ɗora maka laifi, hukuma ta ɗora maka nauyin wani aiki, batir kuma a yi masa lodin wuta.

To yaya za ku gane wacce ake nufi? Ku dubi ƙaramar kalmar da ke maƙale da ita, wadda ni na tsallake. Charged with idan sunan laifi ya biyo baya, tuhuma ce. Charged for maganar kuɗi ce. In charge of shi ne mai kula da wuri, free of charge kuwa kyauta. Sannan ku duba daga ina takardar ta fito, domin kotu da banki da asibiti kowa da abin da yake nufi.

Kada wannan ya karya muku gwiwa, ai mu ma haka harshenmu yake. Baƙon da ya haddace cewa "ci" na abinci ne kawai, me zai fahimta idan ya ji an ci kasuwa, an ci amana, an ci bashi, an ci sarauta? A Turanci ma gajerun kalmomin yau da kullum su suka fi rassa. Babban ƙamusun Oxford na 1989 ya lissafa wa kalmar set ma'anoni 430.

Saboda haka idan kun buɗe ƙamus, ku karanta bayanin kalmar har ƙasa tare da misalansa, kada ku tsaya a lamba ta ɗaya. Idan manhajar fassara ta waya za ku yi amfani da ita, ku zuba mata jimlar gaba ɗaya, sannan kada ku ɗauki amsarta a matsayin yankan hukunci. Takardar kotu kuwa, ko ta likita, ko ta bashin banki, ku karanta wa mai ita abin da kuka tabbatar, ku nuna masa layin da ya shige muku duhu, sannan ku raka shi wurin lauya ko ma'aikacin da ya san aikin tun kafin ranar da aka sa masa ta zo.