Kafin tsohuwar kwamfuta ta bar hannunka: wasiƙa daga Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yan uwa da abokan arziki na gida, daga Ringim zuwa Taura, Garki da Ɓaɓura, har maƙwabtanmu na Gezawa da Dambatta. Ina gaida iyayenmu, da fatan kowa yana lafiya da iyalinsa. Wasiƙar ta kowa ce, amma na fi nufin masu shagon buga takardu, da masu ɗaukar hoto, da masu tura karatu da waƙoƙi a waya, da shugabannin makarantu, da ma'aikatan ƙananan asibitoci, da duk mai tsohuwar kwamfuta a jingine a lungun ɗaki yana jiran mai saye.

Aikina a nan shi ne karɓar kwamfutocin da ofisoshi suka gama da su, mu gyara masu gyaruwa, mu tura sauran wajen masu narka ƙarfe. Ba a barin ko ɗaya ta fita sai an ciro rumbun ajiyarta, wanda masu gyara ke kira had dis, an rubuta lambarsa, an share shi ko an niƙe shi, sannan a ba mai kayan takardar shaida. Aikin ya ƙaru tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ofisoshi suka shiga sauya na'urori. Irin waɗannan ne ke sauka Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso Beirut Road da Farm Centre a Kano. Idan sun iso da araha, mutanenmu za su saya, su kuma rabu da tsofaffin da ke hannunsu. Wannan rabuwar ce ta hana ni sukuni.

Ku dubi abin da ke cikin kwamfutar shagon buga takardu guda ɗaya a bakin tasha. Takardar NIN ta mutanen gari da aka ɗauki hotonta don cike fom. Lambar BVN da lambar asusun manoman da suka nemi tallafin taki. Sakamakon WAEC da NECO na yara, da rajistar JAMB. Takardar cinikin gona da sa hannun dagaci da shaidu, takardar rabon gado, wani lokaci har takardar saki. A ta mai hoto kuwa akwai hotunan kamu da na sa lalle, mata a tsakar gida ba mayafi, waɗanda suka yarda aka ɗauka don sun san iyakarsu dangi. A ta asibiti akwai sunan wanda aka gwada aka samu yana da cutar da ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba. Gaskiya ne mai shago da kuɗinsa ya sayi kwamfutar, amma abin da ke cikinta ba nasa ba ne. Amana aka ba shi, kuma sayar da na'urar bai sauke masa ita ba.

Yawancinmu mun ɗauka idan aka danna gogewa, aka zubar da kwandon shara, magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba. A cikin had dis irin na da akwai faifai mai sheƙi da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke rubutu a kansa da ƙarfin maganaɗisu. Kwamfuta tana riƙe da jadawalin da ke nuna mata inda kowace takarda take a kan faifan. Idan ka goge, sunan kawai take cirewa daga jadawalin, ta ce wurin ba mai shi. Kamar mai gari ne ya soke sunanka daga gona, alhali gero yana nan tsaye: duk wanda ya san hanya zai shiga ya yi girbi, har ranar da wani ya zo ya yi huɗa ya shuka nasa a kai. Fomat ɗin gaggawa da masu gyara ke yi cikin minti ɗaya kafin su ɗora sabon Windows shi ma jadawalin kawai yake sabuntawa. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kyauta suke a intanet, yaron da ya ɗan iya kwamfuta zai dawo da dubban hotuna da su kafin a kira la'asar.

Akwai kuma masu cewa tasu ta mutu, ba ta ko kawo wuta, me za a gani? Sau da yawa allo ne ya lalace ko wajen caji, had dis kuwa lafiyarsa ƙalau. Da 'yar waya mai araha za a haɗa shi da wata kwamfuta a buɗe shi kamar yadda ake buɗe filash. Kalmar sirrin da kake shiga Windows da ita ba ta hana wannan, sai fa idan an kulle rumbun gaba ɗaya da tsari irin BitLocker, wanda kaɗan ne a cikinmu ke kunnawa.

Ba tsoratarwa nake yi ba, an jarraba an gani. A shekarar 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun bayyana abin da suka samu a had dis 158 na hannu da suka saya. Guda 129 suna aiki, 12 ne kacal aka share yadda ya kamata. Sun tarar da lambobin katin banki sama da 5,000, ga bayanan marasa lafiya, ga wasiƙun mutane. A 2006 BBC ta nuna yadda ake tono bayanan bankin mutanen Birtaniya daga tsofaffin kwamfutocin da aka kai Legas. A 2022 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, bayan na'urorinsa masu ɗauke da bayanan abokan hulɗa sun ɓulla a gwanjon intanet ba a share su ba. Abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Ɗan damfarar da ya kira dattijo ya ce daga banki yake, ya karanto masa cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da lambar BVN ɗinsa daidai, ya riga ya ci rabin nasara. Dattijon zai faɗi lambar da aka turo masa don ya ga mai kiran ya san komai. Irin waɗannan bayanan ba daga sama suke faɗowa ba, kuma tsohon had dis na cikin ƙofofin da suke fita.

To, yaya za a yi? Da farko kwashe abin da kake buƙata zuwa sabuwar na'ura, ka buɗe ka tabbatar ya kwafu. Ka kira masu takardun gona da na gado su karɓi nasu, domin bayan sharewa ta gaskiya babu mai iya dawo da su, ko ni da nake wannan sana'a. Idan kwamfutar ta gwamnati ce ko ta makaranta, kada a taɓa ta sai da izinin shugabanni a rubuce.

Idan had dis ɗin yana aiki kuma kana son ka sayar ko ka ba ƙaninka, maganin shi ne a rubuce shi da sifili daga farko har ƙarshe, yadda tsohon rubutu ba zai samu wurin ɓuya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ciro shi a haɗa da wata kwamfuta, a yi masa fomat, amma a cire alamar da ke kan Quick Format, wato fomat ɗin gaggawa. Tun daga Windows Vista cikakken fomat yana rubuce rumbun duka da sifili. Na Windows XP ba ya yi, ku kiyaye, don har yanzu akwai masu ita a ƙauyukanmu. Mai Windows 10 ko 11 zai iya shiga Reset this PC, ya zaɓi a cire komai, ya kuma kunna zaɓin tsaftace rumbu, ba cire takardu kawai ba. Masu gyara kuma sun san manhajojin share rumbu DBAN da ShredOS, waɗanda ake ɗorawa a filash a tayar da kwamfuta da su. Ba sa tausayi, don haka a cire duk wani rumbun da ba a nufa ba kafin a fara.

Aikin yana cin lokaci. Rumbu mai gigabayit 500 zai ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku, babba ya fi haka. Na san yadda wuta take a gida, don haka a yi shi da rana a inda ake da sola, ko a tanadi man janareta. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, a sake daga farko, kada a ce ai an yi rabi. Bayan an gama a sa Recuva ko PhotoRec ta bincika. Idan ba ta dawo da komai ba, sai a miƙa wa mai saye.

Za ku ji wasu na cewa sai an rubuce sau 35. Wannan ya samo asali daga binciken Peter Gutmann na jami'ar Auckland a New Zealand a 1996, kan na'urorin wancan zamani, kuma shi kansa daga baya ya ce na'urorin yanzu ba sa buƙatar haka. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, wadda ƙa'idarta mai lamba 800-88 muke bi a wajen aiki, ta nuna sau ɗaya ya wadatar ga had dis na zamani. Kada mai gyara ya caje ku kuɗin kwana uku.

Sababbin laftof da yawa ba faifai ne a cikinsu ba, SSD ne, wanda ke ajiya a ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi irin na filash. Shi yana rarraba rubutu ne yadda ya ga dama don kada wuri ɗaya ya gaji, yana kuma da ɓoyayyen sashe da kwamfuta ba ta gani, saboda haka rubucewa da sifili ba ta kai ko'ina. A nemi umarnin Secure Erase ta manhajar kamfanin da ya ƙera shi. Memorin waya da filash kuwa, ni shawarata kada a sayar da su sam. A cire memori kafin waya ta tafi, in an gama da shi a karya.

Idan had dis ya fara ƙas-ƙas, ko kwamfuta ba ta ganinsa, ko kuwa abin da ya ɗauka mai nauyi ne kamar na asibiti da na mai hoto, kada a tsaya wata manhaja. A lalata shi. A nan inji ne da mu mai niƙe shi gutsi-gutsi, amma ku ma ba ku rasa abin yi ba, kowace kasuwa da maƙeri da mai walda. A ɗora shi a kan uwar maƙera a dake shi da masaba har faifan ciki ya lanƙwashe, ko mai walda ya huda shi wuri uku ko huɗu ta kan faifan, ko ya raba shi biyu da injin yankan ƙarfe. Fasa koren falle da ke bayansa kaɗai bai isa ba, ana iya sauya shi, faifan ne maƙasudi. Na laftof galibi gilashi ne, yana tarwatsewa, don haka a naɗe shi a tsohon buhu, a kare ido, a janye yara daga wurin. Idan SSD ne, kowace baƙar ƙwaya sai an farfasa ta. Kuma ka tsaya da kanka har a gama, kada ka aiki yaro. Ba asara za ka yi ba, 'yan gwangwan da awo suke sayen alminiyam, fasasshe ko lafiyayye.

Kada a jefa a rijiya ko masai, ruwa ba ya goge rubutun maganaɗisu, sai dai ka ɓata wa mutane ruwan sha. Mayen ƙarfen tsohuwar lasifika ma ba ya yin komai, domin a cikin had dis ɗin kansa akwai wanda ya fi shi ƙarfi, kusa da faifan. Ƙonawa kuwa ina roƙonku don Allah ku bari. Wutar kara ba lallai ta lalata faifan ba, amma hayaƙin roba da na fallen lantarki guba ne, kuma tsofaffin na'urori da dalma aka liƙe su. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara wajen 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, amma dalma ɗaya ce, kuma yara ta fi kamawa.

Akwai doka ma yanzu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta hana riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake buƙatarsu, ta kuma ɗora wa mai riƙewa nauyin tsare su. Hukumar kare bayanan jama'a, wato NDPC, ce ke sa ido, kuma tarar ƙaramin mai sana'a na iya kaiwa naira miliyan 2. Amma ni ba tarar ce a gabana ba. Yarinyar da hotonta zai yi yawo a wayoyin samarin gari bayan shekara biyar da aurenta, tarar nawa za ta mayar mata da mutuncinta a gidan miji? Mu da aka tarbiyyantar a kan suturta asirin ɗan'uwa bai kamata mu jira hukuma ta tuna mana ba.

Ga 'yan uwana masu gyara: idan an kawo muku kwamfuta don allo ko madannai, ku ba mai ita had dis ɗinsa ya tafi da shi, ko ku yi aikin a gabansa. Idan kun sayi ta hannu kuka tarar da hotuna da takardun wasu, ko na Bature ne da ba za ku taɓa haɗuwa ba, ku share ba tare da kun buɗe ba. Shugabannin makarantu da asibitoci kuma su ware littafi guda, a rubuta lambar kowane had dis da ranar da aka share shi ko aka fasa, mutum biyu su sa hannu.

Wanda ya karanta wannan ya taimaka ya karanta wa mai shagon unguwarsu, da malamin da ke riƙe da kwamfutar makaranta, da jami'in asibitin garinsu. A gaida mutanen gida baki ɗaya, Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ɗan'uwanku, daga Ingila.