Sun ce babu mai neman IPv6, alhali ga ni ina nema

Na daɗe ina kai-komo da kamfanin da ke ba ofishinmu intanet a kan magana ɗaya, wato ya ba mu adireshin IPv6, sabon tsarin lambobin da ake gane na'urori da su a intanet, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba: wai babu abokin cinikin da ke neman sa. Duk lokacin da aka gaya mini haka nakan tambayi jami'in, to ni da nake kan waya da kai, a wane sahu ka sa ni?

Ƙarancin adireshin IPv4, wato tsohon tsarin, ba sabon labari ba ne. Tsarin mai bit 32 ne, yana ba da adireshi kimanin biliyan 4.3, kuma tun watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin intanet a duniya, ta rarraba rukunan da suka rage mata ga cibiyoyin rajista biyar na yankuna. ARIN ta Arewacin Amurka ta ƙarar da nata a 2015, RIPE NCC mai kula da Turai da Gabas ta Tsakiya kuma a Nuwamban 2019. Maimakon ƙaura zuwa IPv6 mai bit 128, wanda ƙa'idarsa ta fito tun 1998, kamfanoni da yawa sun gwammace su cusa tarin abokan ciniki a bayan adireshi guda ta hanyar CGNAT, mu masu kula da na'urori kuwa mu ne ke kwasar kuɗar. Idan wani da ban taɓa gani ba ya yi ɓarna da adireshin da muka haɗa, shafin da ya toshe shi ya toshe mu duka, kuma sabar da ke cikin ofis ba ta samuwa daga waje sai da dabara.

Da aka gaji da ni aka ba mu IPv6 ɗin, sai na tarar an ba da shi ne da hannun hagu. Rukunin /64 guda ɗaya tak suka ba mu, wato rabon adireshin da ya isa ɓangare ɗaya kawai, alhali na'urori ba sa iya ɗaukar wa kansu adireshi kai-tsaye, abin da ake kira SLAAC, sai kowane ɓangare yana da nasa /64, ni kuwa ina da ɓangaren ma'aikata da na baƙi da na kyamarori. Takardar RIPE-690 ta ba da shawarar /48 ko /56, rukunan da ke ɗauke da /64 masu yawa, ga abokin ciniki, kuma rukunin ya kasance dindindin. Namu yakan canza da zarar an kashe rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, an kunna, sai in wayi gari dokokin tace bayanai da rajistar DNS, mai haɗa suna da adireshi, suna nuni ga adireshin jiya.

Abin da ya fi cin raina shi ne wasu shafuka da kan fara buɗewa su maƙale a tsakiya. Na kwana biyu ina bin sawu kafin in gane cewa ana tare saƙonnin ICMPv6, waɗanda na'urori ke sanar da juna matsala da su, a wajen kamfanin. A IPv6 rautocin kan hanya ba sa gutsuttsura fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa, sai dai su aika wa mai turowa saƙon cewa fakitin ya yi girma, kuma idan saƙon bai isa ba, mai turowa zai yi ta turawa a banza. Sauran lalacewar kuwa, manhajojin shiga intanet kan rufa mata asiri da dabarar Happy Eyeballs, wadda kan koma IPv4 cikin ƙiftawar ido idan IPv6 bai amsa ba, don haka ƙorafi ba ya isa kamfanin, shi kuma ya ɗauka komai lafiya.

Na tura musu sakamakon gwajin da na yi tare da neman /56 da ba ya canzawa. Sun amsa cewa an miƙa wa injiniyoyi, kuma har yau takardar ƙorafin a buɗe take.