Yadda Muke Zaunar da Unguwa Biyu da Suka Yi Rikici a Jos

Duk wanda ya zo mana da maganar a haɗa taron sulhu mako mai zuwa, mukan ce masa ya dakata. A aikin da muka yi tsakanin wasu unguwanni biyu da rafi ya raba a Jos ta Arewa, ɗaya yawancinta Musulmi, ɗaya Kirista, sai da muka shafe wata uku muna kai-kawo kafin mutanen su yarda su shiga ɗaki ɗaya. Zaman kansa kwana biyu ne kacal. Wata ukun nan su ne aikin.

Mu biyu muke tafiya kullum, Musulmi da Kirista, kuma ba ma riƙe takarda a zuwan farko. Gaisuwa ce kawai. Mai unguwa "Ranka ya daɗe", liman "Allah gafarta Malam", dattijon Birom "Da", uwa kuma "Ngo". Sai a zuwa na biyu muke yin tambayar da ta kawo mu: idan samari suka fito da dare, wa zai ce su koma gida su koma? Sunan da ya fito daga bakin mutum uku da ba su haɗu ba, shi muke nema. Sau da yawa ba mai unguwa ba ne, ba liman ba, ba fasto ba. Shugaban 'yan banga ne, ko mai gidan kallon ƙwallo, ko ciyaman ɗin 'yan Keke, ko wata mai tuwo da rabin samarin unguwa ke cin bashi a wurinta. A yunƙurinmu na farko manya muka tara, suka sa hannu, aka yi addu'a. Ba a yi sati biyu ba yara suka yi jifa a kan gada, kuma cikin waɗanda suka sa hannun babu mai lambar wayar yaro ko ɗaya.

Daga nan kowane ɓangare mukan zauna da shi shi kaɗai, aƙalla sau uku. A nan za ka gane cewa kowa da ranar da tarihinsa ya fara. Wani zai fara daga 1991, da gwamnatin Babangida ta yanki ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Wani daga Afrilun 1994, rikicin naɗin Aminu Mato shugaban riƙo na ƙaramar hukumar. Wani daga Juma'ar 7 ga Satumba 2001, wani daga zaɓen Nuwamban 2008. Wannan ya ce kisan ƙauyen Kuru Karama, wancan ya ce na Dogo Nahawa, duka a 2010, kuma kowa nasa yake kira. Kada ka gyara wa kowa, kada ka shiga gardamar yawan gawa. Abu biyu kawai muke rubutawa: me kuke so su daina, me ku kuma za ku iya yi.

Maganar ɗan ƙasa da baƙo, da wa ke da Jos, za ta taso ko ka so ko ba ka so. Kwamitin Mai Shari'a Fiberesima ya zauna a kanta bayan 1994, na Niki Tobi bayan 2001, na Bola Ajibola bayan 2008, har yau tana nan. Mutum ashirin da huɗu a ajin firamare ba za su warware ta ba. Amma idan ka hana a faɗe ta, za a ce ka ɗauki ɓangare. Dabararmu ita ce mu liƙa babbar takarda a bango mai taken "Abin da ya fi ƙarfin wannan zama". Duk wanda ya kawo batun takardar shaidar ɗan ƙasa ko na sarauta, a saurare shi har ya gama, a rubuta da kalmominsa, a karanta masa ya ce haka ne, sannan a koma kan abin da ke hannu. Mutum yakan sauko idan ya ga maganarsa a rubuce.

Ranar zama, sha biyu daga kowane ɓangare, aƙalla mata huɗu da matasa huɗu a cikin kowace sha biyun. Ya wuce talatin ya zama lacca. Wuri kuwa makaranta a kan iyaka, inda kowa zai iya komawa gida a ƙafa ba tare da ya ratsa unguwar ɗayan ba. Ban da Juma'a, ban da Lahadi. A fara goma na safe, a tsaya sallar azahar, a tashi kafin la'asar. Mukan sanar da DPO tun kwana biyu kafin nan, amma mai kaki ba ya shiga ɗakin, haka ma mai kyamara, domin wanda aka ga hotonsa yana dariya da mutanen tsallake kafin unguwarsa ta san me aka tattauna, maci amana za a kira shi. Abinci ma da siyasarsa: nama yana jawo tambayar wa ya yanka, don haka kifi ko ƙwai, ko gwaten acca, mata biyu daga nan biyu daga can su dafa tare. Kuɗin mota a faɗi adadinsa tun farko, a ba kowa daidai a bainar jama'a. Sau ɗaya muka sa a ambulan, kafin magariba labari ya zaga cewa an saye su.

Da Hausa ake yawancin magana, amma wanda ya fi son harshen uwarsa ko Turanci a bar shi, a fassara. Kalmomin da ba a faɗa, kamar "arna" da "baƙin haure" da "'yan ta'adda", mahalarta ne ke jera su da bakinsu, mu rubutawa kawai muke yi.

Babban kuskuren masu shiga tsakani shi ne gaggawar cewa a yafe wa juna. Wani abokin aikinmu ya faɗe ta da safiyar ranar farko. Wata uwa ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta ce, "Ɗana, kafin yafiya, a nuna mini inda aka kai gawar yarona." Ɗakin ya yi tsit. Ba mu ba ta haƙuri ba, ba mu bari kowa ya amsa ba, muka bar shirun ya yi minti biyu, sannan aka ba da hutu. Tun daga ranar ba ma kawo kalmar. Idan ta zo, daga bakinsu take zuwa.

Yarjejeniya kada ta wuce abu biyar, kowanne da sunan mai yi da ranar yi. Biyu daga ciki ba ma bari a tashi babu su, saboda Jos ta riga ta sha wuyarsu. Na farko rufe hanya lokacin ibada: rikicin 2001 ya kunno kai ne a unguwar Congo Russia kan wucewa ta titin da aka rufe don sallar Juma'a. Don haka a rubuta ƙarfe nawa ake rufewa ran Juma'a da ran Lahadi, ƙarfe nawa ake buɗewa, ta ina masu wucewa za su bi, kuma a sa dattijo a bakin shingen, kada a bar wa yara. Na biyu sake gini: na Janairun 2010 ya taso ne a Dutse Uku kan sake gina gidan da aka ƙone a 2008. Duk mai son komawa kangonsa ya sanar da masu unguwa biyu mako guda kafin ya sauke yashi, a san yawan leburorin da zai kawo, wakilin kowane ɓangare ya tsaya a wurin ranar farko.

Sai maganar jita-jita, wadda ita ce aikin yau da kullum. Mukan haɗa mutum shida daga nan da shida daga can, biyu-biyu. Aka ce an kashe wani a kasuwa, ka kira abokin haɗinka, ku je ku gani da ido, cikin rabin awa amsa ta isa masallaci da coci. Yawancin bidiyon da ke yawo a WhatsApp a irin wannan rana tsoho ne, ko na wani gari. Tsarin yakan mutu ne saboda ƙananan abubuwa: babu kati a waya, an sace wayar, mutum ya koma Abuja neman aiki bai faɗa ba. Shi ya sa muke gwada kiran sau ɗaya a wata, mu cike gurbin wanda bai ɗauka ba sau biyu a jere. Gab da zaɓe kuwa duk mako.

Kwafin yarjejeniyar ɗaya yana wurin kowane mai unguwa, ɗaya a ofishin 'yan sanda, ɗaya mun kai Hukumar Samar da Zaman Lafiya ta Jihar Filato, wadda aka kafa a 2016. Asabar ɗin farkon kowane wata ana haɗuwa awa ɗaya a ajin nan, a karanta abubuwa biyar ɗin da ƙarfi, a sa alama a kan wanda aka cika. Na hanya da na waya suna samun alamarsu. Na komawa gidaje har yanzu fili ne, domin da yawa daga masu kangon sun riga sun sayar, waɗanda ba su sayar ba kuma sukan zo da rana su duba, su tafi kafin duhu.